Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo: Malamin da Ya Naɗa wa Samari Rawani, Ya Kuma Ja Musu Linzami

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fitar da mu daga tsatson uba guda, sa'an nan Ya rarrabe harsunanmu da launukanmu bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa za mu kawo muku tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa. Mun sani sunan nan ba iri ɗaya yake faɗawa a kunnen kowa ba a nan ƙasar Tasawa da Mayahi. Malami idan ya ji shi, sai ya tuna Mujaddadi mai littattafai. Dattijon fada kuwa, wanda ya gaji labarin kaka da kakanni, sai ya tuna cewa rundunonin Shehun nan ne suka fitar da sarakunan Katsina daga birninsu, suka rushe Alƙalawa, har zuriyarsu suka zo suka zauna Maraɗi da Tsibiri. Sau da yawa malamin da dattijon a sahu ɗaya suke salla, wani lokaci ma ɗa ne da ubansa. Abin da muke so mu duba cikin rayuwar Shehu shi ne yadda ya zauna da mutane masu harsuna da al'adu dabam-dabam, da kuma yadda ya yi da samarin da suka taru a kansa, domin waɗannan abubuwa biyu su ne ke gabanmu yau a masallatanmu.

An haifi Shehu a Maratta, cikin ƙasar Gobir, ranar 15 ga Disamba 1754, wadda ta yi daidai da ƙarshen watan Safar na shekara ta 1168 bayan Hijira. Maratta tana nan kusa da Galmi, cikin jihar Tawa, wato a ƙasar Nijar ta yau aka binne cibiyarsa, abin da yaranmu da yawa ba su sani ba. Sunan mahaifinsa Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, ma'ana malami masanin fiƙihu da Fulatanci. Mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Su Toronkawa ne, kakansu Musa Jakollo ya taso daga Futa Toro ta ƙasar Senegal ya sauka Ƙonni wajen ƙarni na 15. Kafin a haifi Shehu, ke nan, danginsa sun shekara wajen ɗari uku suna zaune cikin Hausawa, suna shan ruwan rijiya ɗaya da su. Yana yaro iyayensa suka koma Ɗegel, a nan ya yi wayo, a nan ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa.

Gobir ɗin da ya tashi a cikinta ba ta mutum ɗaya ba ce. Sarauta tana hannun Gobirawa, waɗanda suka gangaro daga Azbin, suka zauna Birnin Lalle da ke wajen Dakoro, har Sarki Babari ya ci Zamfara bayan 1760 ya gina Alƙalawa. Ƙarƙashinsu akwai Zamfarawa da ke jin ciwon an ci su da yaƙi, da Fulanin daji masu biyan jangali, da Fulanin gida masu allo da tawada, da Buzaye masu raƙuma, da Arawa, da Anna manoma masu riƙe da tsafin gidajensu. A fada akwai limami da alƙali, akwai kuma Inna, uwar 'yan bori. Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan: sarakunan Gobir da na Katsina Musulmi suke ɗaukar kansu, suna salla, suna azumi, suna girmama malamai, kuma Katsina ta fitar da irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani tun ƙarni na 17. Abin da malamai ke kuka da shi shi ne garwaya addini da al'adar tsafi, da kuma zaluntar talakawa.

Shehu ya yi karatu irin na zamaninsa, daga wannan malami zuwa wancan. Ya karanta Muhtasar na Halilu wajen baffansa Usmanu Binduri, wanda ya koyi halin umurni da kyakkyawa daga gare shi. Ya ji Sahihul Buhari wajen Muhammadu ɗan Raji. Amma malamin da ya fi yi masa tasiri shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas. Da Malam Jibrilu ya nufi Makka, Shehu ya juyo gida, domin bai nemi izinin mahaifinsa a kan wannan tafiya ba, kuma har ya bar duniya Allah bai nufe shi da aikin Hajji ba. Malam Jibrilu mutum ne mai zafi, har yana ganin wanda ya dulmuya cikin manyan zunubai, kamar cin dukiyar marayu da tara mata fiye da huɗu, ya fita daga Musulunci. Shehu ya girmama malaminsa iyakar girmamawa, ya yabe shi a rubuce, amma bai bi shi a wannan magana ba. Ya rubuta littafi mai suna Shifa'ul Galil yana warware ta bisa tafarkin Ahlus Sunna, cewa saɓo ba ya kafirta mai shi matuƙar bai halatta shi ba. Ku riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Ya fara wa'azi a Ɗegel a 1774 yana ɗan shekara 20. Shi kansa saurayi ne, kuma waɗanda suka fara kewaye shi yara ne, cikinsu har da ƙanensa Abdullahi, wanda ya girma da wajen shekara goma sha biyu. Littattafansa da Larabci ya rubuta su domin malamai. Waƙoƙinsa mafi yawansu da Fulatanci ne, domin makiyayi da matar da ke dakan gero su iya hardacewa. Idan kuwa ya tsaya gaban taro a kasuwa ko a fili, sai ya yi magana da harshen masu saurare, da Hausa ko da Fulatanci. Ya zaga Kabi, sa'an nan daga wajen 1786 ya shiga Zamfara ya yi kimanin shekara biyar yana karantarwa, inda ya tarar da mutanen da ko ƙanshin Musulunci ba su taɓa ji ba. Bai fara musu da zurfafan mas'aloli ba. Ya fara da alwala, da taimama, da wankan janaba, da farillan salla, da abin da ke halal cikin ciniki da aure da gado.

A can Zamfara ne wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki yadda mata ke halartar wa'azinsa tare da maza. Shehu ya umurci Abdullahi ya ba shi amsa, amsar kuwa ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni nesa ba kusa ba. A cikin Nurul Albab ya yi wa malaman ƙasar Hausa faɗa mai tsanani a kan yadda suke tara almajirai a zaure don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin tsarki ba. Wannan faɗan har yau bai tsufa ba, kuma da yawa daga cikinmu masu zaure ya shafe mu.

A hankali waɗanda suka amsa kiransa suka zama wani jinsi na dabam, ana ce da su Jama'a. Ba ƙabila ta haɗa su ba. Akwai Bafulatani, akwai Bazamfare, akwai Buzu, akwai Ba'are irin Malam Abdussalami wanda ya zo da nasa almajiran ya sauka kusa da Ɗegel. Abin da ake gane su da shi shi ne sutura: maza da rawani, mata da lulluɓi. A ƙasar da ake gane mutum da tsagar fuskarsa, a san wannan Bagobiri ne, wancan Bakatsine, wancan Bakabe, sai ga wata sabuwar alama wadda ba wanzami ya yi ta ba, mutum ne ke zaɓar ta da kansa bayan ya yi wayo. Saurayin da ya naɗa rawani yana gaya wa gari cewa yana da wasu 'yan'uwa ban da na jini, kuma akwai abubuwan gidansu da ba zai ƙara sa hannu a ciki ba.

Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo dattijo ne mai hangen nesa. Wajen 1788 ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin Babbar Salla, ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu zinariya misƙali 500. Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a mutunta duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da dukansu. Ku dubi yadda rawani ya shiga cikin sharuɗɗan da aka yi da sarki, a jere da kurkuku da haraji. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma a wannan lokaci gyara Shehu yake nema.

Bawa ya rasu ba da daɗewa ba, Yakuba ya gaje shi, sa'an nan Nafata. A zamanin Nafata aka yi shela a kasuwa cewa ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, kuma wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma ga abin da ya tarar ubansa na yi, kuma kada namiji ya ƙara naɗa rawani, kada mace ta ƙara lulluɓi. Idan muka natsu a kan wannan doka za mu ga inda ciwon yake. Sarki bai hana salla ba, bai rufe masallaci ba. Abin da ya hana shi ne ɗa ya saɓa wa hanyar ubansa. Rigimar ta shiga cikin gidaje. Maigida ya kai bakin gunki don yankan shekara, ɗansa ya ƙi riƙe masa akuya. An buga gangar gayya ko ta yaƙi, samari sun ce suna wajen karatu. Ba mu ce dokar Nafata daidai ce ba, zalunci ce, amma duk uban da ɗansa ya dawo daga karatu ya ƙi cin abincin gidan zai gane abin da ke cikin zukatan dattawan Gobir a lokacin.

Nan ne kuma muka zo ga ɓangaren tarihin Shehu wanda masu wa'azi ba su cika faɗa ba. Cikin ɗaliban zamaninsa an sami wasu da suka karanta ɗan abin da suka karanta na ilmin tauhidi, irin wanda ke cikin Ummul Barahina ta Imamu Sanusi, suka hardace siffofin Ubangiji da dalilansu na hankali, sai suka mayar da wannan ma'aunin imani. Sukan tare manomi ko makiyayi su yi masa tambayoyi, idan ya kasa jero dalilai yadda suke cikin littafi sai su ce bai san Allah ba, saboda haka kafiri ne. Wanda aka kafirta kuwa yankansa ya zama mushe, aurensa ya ɓaci. Ku dubi girman wannan ɓarna: tsohon da ya shekara sittin yana goshi a ƙasa, yaron da bai tara gemu ba ya fitar da shi daga addini da tambaya uku.

Shehu bai yi shiru don kada ya rasa magoya baya ba. Ɗansa Muhammadu Bello ya ambata cikin Infaƙul Maisur cewa mahaifinsa ya yi rubuce-rubuce fiye da hamsin a kan waɗannan ɗalibai. Daga cikin littattafan da ya taɓo mas'alar akwai Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya da Hisnul Afham. Hujjarsa ita ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa sun karɓi Musuluncin Larabawan ƙauye da kalmar shahada, ba su titsiye kowa da tambayoyin masana ilmin kalami ba, kuma hukuncin duniya a kan zahiri yake, abin da ke cikin zuciya na Allah ne. Ya kuma yi gargaɗi kada a yi inkarin abin da malamai suka yi saɓani a kansa kamar yadda ake inkarin abin da aka yi ijma'i a kan haramcinsa. Mutumin da ya ƙi bin malaminsa Jibrilu wajen kafirta mai saɓo, shi ne ya ƙi bin almajirai wajen kafirta jahili. Ya saɓa wa na sama da shi, ya tsawata wa na ƙasa da shi, duk a kan abu guda.

A nan ba za mu wuce ba sai mun dubi kanmu. Samarinmu na yau ma jinsi-jinsi ne. Akwai 'yan fada masu kwana a gindin butar shayi, kowace fada da sunanta. Akwai 'yan kabu-kabu, akwai 'yan ci-rani da suka dawo daga Kano ko Legas, ko Libiya da Aljeriya, ko wajen haƙar zinariya a Jado, kowa da irin maganarsa da irin ɗinkinsa. Akwai 'yan lakkwal masu garwaya Hausa da Faransanci. Akwai kuma ɗalibanmu na addini, waɗanda suka dawo daga Say ko Azhar ko Madina, da waɗanda suka yi karatunsu a wayar hannu. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 kuma kiranta ya ƙetaro jihar Maraɗi, mun ga yadda tsawon wando, da gemu, da carbi, da ƙabalu da sadalu suka zama tsagar fuska ta zamani. Mun ga unguwa ɗaya da masallaci biyu suna kallon juna. Ba laifi saurayi ya nemi abokan tafiya da alamar da za a san shi da ita, Shehu ma ya ba nasa samarin alama, ya kuma kare ta gaban sarki. Abin da ya hana su shi ne su mayar da alamar wuƙar yanka sauran Musulmi. Kowane ɓangare a cikinmu yana jan Shehu zuwa gefensa, 'yan ɗariƙa suna cewa Baƙadire ne, kuma gaskiya ne, masu yaƙi da bidi'a suna cewa shi ya rubuta Ihya'us Sunna a 1793, shi ma gaskiya ne. Waɗancan rubuce-rubuce hamsin ne ba mu ga mai rige-rigen karantar da su ba.

Mu koma ga tarihi. Yunfa ya hau gadon Gobir bayan Nafata, al'amura suka ƙara tsananta. Malam Abdussalami ya riga ya ƙaura da mutanensa zuwa Gimbana. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, ta kama mutane, ta biyo da su ta kusa da Ɗegel a ɗaure. Mutanen Ɗegel suka kasa daurewa, suka tare rundunar suka kwance 'yan'uwansu. Abin lura shi ne waɗanda aka kwance ɗin mafi yawansu Hausawa ne, almajiran malami Ba'are. Yunfa ya aiko Shehu ya fita shi da iyalinsa ya bar Jama'a, Shehu ya ƙi rabuwa da su. A watan Fabrairu 1804 suka yi hijira zuwa Gudu, kuma cikin waɗanda suka taimaka da raƙuman ɗaukar kaya da littattafai akwai Buzu Malam Agali. A Gudu aka yi masa mubaya'a ya zama Amirul Muminina.

A watan Yuni 1804 aka gwabza a Tabkin Kwatto, Abdullahi ke jan rundunar Jama'a, Allah Ya ba su nasara. Masu cewa yaƙin Fulani da Hausawa ne kawai su sani cewa a wannan rana akwai Fulani da Buzaye cikin rundunar Yunfa, akwai kuma Hausawa cikin ta Shehu. Amma a ƙarshen shekarar, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, aka kashe wa Jama'a mutum wajen 2,000, cikinsu mahardata Alƙur'ani kimanin 200. A ganinmu wannan rana ce ta sauya kamannin tafiyar. Waɗanda Shehu ya shekara talatin yana tarbiyyantarwa su ne suka faɗi a sahun gaba, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawansu ba su zauna gabansa ba ko na wata ɗaya. Ga yunwa, ga ganima. Kafin yaƙin Alwasa na 1805 rundunar ta afka wa wani gari da ke cikin amana, Abdullahi da Bello suka yi ƙoƙarin hana su, ba a saurare su ba. Abin ya dami Abdullahi har a 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kafin ya juyo.

A wannan tsakani ne abin ya iso ƙofar gidanmu, domin Tasawa a lokacin ƙasar Katsina ce. Malam Umarun Dallaji da abokansa masu tuta suka ci birnin Katsina wajen 1807. Sarki Magajin Haladu ya ƙare a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya ja sauran jama'a zuwa Damagaram. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Da yaƙi ya kai Borno, sai Shehu Muhammadul Amin Alkanemi ya rubuto wasiƙu yana tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana cewa abin da ake zarginsu da shi saɓo ne da jahilci, irin wanda babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga gare shi. Amsar da aka ba shi ita ce an yaƙe su ne saboda sun taimaki sarakunan da suka far wa Musulmi. Bello ya yi adalcin da ya kwafe wasiƙun abokin jayayyarsa cikin littafinsa, shi ya sa muke iya karanta su yau. Mu dai muna ganin tambayar Alkanemi mai nauyi ce, kuma da irin makamin da Shehu ya yaƙi ɗaliban nan da shi aka yi ta.

Shehu bai zauna gadon mulki ba. Bayan Gwandu ya koma Sifawa wajen 1810 ya ci gaba da karantarwa, a 1812 ya raba ɗawainiyar ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Rubuce-rubucensa na wannan lokaci suna da fuska biyu. A kan zalunci bai sassauta ba. Cikin Kitabul Farƙ ya jero abubuwan da ya ƙi na mulkin da ya gabata, ya kira su da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa da gargaɗi, domin kada sababbin masu mulki su ce ba su gane ba. Ya kuma yi waƙa da Fulatanci yana tsoratar da mahukunta da alƙalai masu cin haƙƙin mutane, wadda 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da Hausa, aka san ta da Tabbat Haƙiƙa. Amma a kan al'adun da shari'a ta bar wa fili ya buɗe ƙofa. Cikin Najmul Ihwan na 1812 ya yi sauƙi a kan buga tambari domin taro da yaƙi, da sa tufafin ado ga shugabanni, da amfani da sunayen sarauta, abubuwan da Abdullahi ya tsananta a kansu. Wa da ƙane suka yi saɓani a rubuce, kowa da hujjarsa, kuma a cikin wannan littafin ne Shehu ya kwaɗaitar da ɗalibai karanta littattafan Abdullahi.

A 1815 ya koma Sakkwato, garin da Bello ya gina a 1809. Ya yi jinya mai tsawo, Allah Ya karɓi ransa ranar 20 ga Afrilu 1817, daidai da 3 ga Jimada Ahir 1232, yana da shekara 62 a lissafin rana. An rufe shi a gidansa, inda ake kira Hubbare.

Haɗin da ya yi bai daɗe ba a jarraba shi ba. Malam Abdussalami, wanda saboda mutanensa aka fara yaƙi, ya ga rabon da aka ba shi bai kai matsayinsa ba, ya yi tawaye a Kware, aka yaƙe shi a farkon 1818, ya rasu da raunin da ya samu. Wajen 1819 mutanen kwarin Maraɗi, mafi yawansu Anna, suka kashe wakilin da aka ɗora musu, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya zama sarkinsu, daga nan sarautar Katsina ta sake tsayuwa a Maraɗi. A 1836 Bello ya haɗu da Gobirawa da Katsinawa da Buzaye a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Aka shekara da yawa ana kai hari ana ramawa, musamman zamanin Ɗan Baskore, kuma duk da haka ayari bai daina wucewa ba. Lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Tasawa a watan Janairu 1851, tare da ayarin gishirin Azbinawa ya iso, ya tarar da gari mai kasuwa da marina, Hausawa da Buzaye suna ciniki. A ƙarshen ƙarnin Sarki Mijinyawa ya baro Maraɗi ya zauna Tasawa. Sa'an nan Faransa da Ingila suka ja iyaka, Maratta ta faɗo wannan gefe, Ɗegel da Hubbare suka faɗa wancan.

Bayan Gawakuke ƙauyukan Sakkwato sun cika da matan Gobir da aka kamo, waɗanda da yawansu ke riƙe da bori. Nana Asma'u, wadda aka haifa a Ɗegel a 1793, ta ɗauki hanyar mahaifinta. Ta yi musu waƙoƙi da Hausa, ta zaɓi dattawan mata daga ƙauyuka ta naɗa su jajis, su riƙa jawo tsofaffi da 'yan mata zuwa karatu, aka kira su 'Yan Taru. Alamar da ta ba kowace jaji ita ce malfa da jan ƙyalle naɗe a kanta. Malfar nan kuwa matan Gobir sun riga sun san ta, domin ita Inna ke sawa. Asma'u ba ta ƙone ta ba, ta ɗora ta a kan malama. Ta rasu a 1864 aka rufe ta kusa da mahaifinta. Sarautar Inna tana nan a Tsibiri, mutanen Maraɗi da Tasawa da Mayahi kuma suna shiga mota su tafi ziyara Hubbare.

Allah Ya jiƙan Shehu da iyalansa da almajiransa, Ya jiƙan kakanninmu Musulmi na kowane ɓangare, amin.